Bindigar da ke watsa harsashi: littafin gyara, Agusta zuwa Nuwamba 2024

Asabar, 17 ga Agusta

Yau na fito da bindigar daga akwatin ƙarfe, karo na farko tun Nuwamban bara. Wata tara ban taɓa ta ba, kuma ba rashin lokaci ne ya hana ni ba.

Rana ta biyu da buɗe farautar bara, a wani dajin gwamnati da ke tsakiyar jihar Wiskonsin, na harbi barewa mace daga nisan da bai wuce yadi 90 ba. Tana tsaye cik, ta ba ni haƙarƙari, ni kuma ina zaune na dafa bindiga a gwiwa. Na yi bisimilla na ja kunama. Ta daka tsalle ta faɗa duhuwa. Ni da maƙwabcina muka bi jini tun hantsi har duhu ya hana mu ganin ƙasa, washegari muka koma, jinin ya ɗauke a bakin wata fadama. Ba mu same ta ba. Launin jinin da irin gashin da muka tsinta sun nuna a ciki harsashin ya same ta, ba a ƙirji inda na saita ba. Dabbar da aka yi wa irin wannan rauni takan kwana tana shan azaba kafin rai ya yi halinsa. An umarce mu da kyautatawa ko a wajen yanka, har a wasa wuƙa don a hutar da dabba, ni kuwa ga abin da hannuna ya aikata. Na yi alkawari ba zan sake ɗaga wannan bindiga a kan mai rai ba sai na san inda harsashin farko zai sauka.

Bindigar mai sakata ce, ƙotarta icen walnat, tana cin harsashin .30-06. Ta hannu na saye ta shekara uku da suka wuce, da madubin saiti a kai, wanda ake leƙawa yana kusanto da abu mai nisa. Irin wannan harsashi sojan Amurka ne suka fara aiki da shi a 1906, daga nan ya samo lambar ƙarshen sunansa, kuma fiye da shekara ɗari ana kashe barewa da shi a dazuzzukan ƙasar nan. Don haka laifin ba na nau'in harsashi ba ne. Ko dai wannan bindigar ce, ko ni.

Na je filin gwajin harbi na jiha, na aza ta a kan buhunan yashi, takarda a yadi 100, wato kusan mita 91. Harsashi mai nauyin giren 180 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi), wanda na yi farauta da shi bara. Harbi biyar, na jira bututu ya huce, na sake biyar, na sake biyar. Tazarar huda biyu mafi nisa a kowane zagaye: inci 4.5, inci 5, inci 4. Bindigar farauta mai lafiya ya kamata ta tara biyar ɗin cikin inci ɗaya da rabi, ko biyu in an yi mata uzuri. Wurin da harsashi ke kashe barewa da sauri, huhu da zuciya, faɗinsa bai wuce farantin cin abinci ba. In tana watsa inci 5 a kan benci, ba sanyi, ba haki, ba bugun zuciya, to a daji sai abin da Allah ya yi.

Farautar bana za ta buɗe 23 ga Nuwamba, kwana tara kamar kullum. Mako 14 ke gabana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Doka ɗaya na kafa wa kaina: abu ɗaya zan riƙa canzawa, in gwada, in rubuta, sannan in taɓa na gaba.

Asabar, 24 ga Agusta

Da kaina na fara. Maƙwabcina, dattijon da ya fara kai ni daji, ya zo da tasa bindigar, wadda ya san halinta shekara da shekaru. Muka yi musaya. Ya harba tawa, inci 4. Na harba tasa, inci ɗaya da rabi. Har na fara jin sanyi a raina, tunda ga shaida cewa bindigar ce.

Sai ya ce in juya baya. Ya ɗura mini tawa da kansa, ya cusa harsashin bogi, marar albarushi, a tsakanin na gaske ba tare da na san gurbinsa ba. A harbi na uku kunama ta ce ƙyas, babu ƙara, amma bakin bindigar ya duƙa ƙasa ya karkata hagu, idona kuma a rufe. Ni kaina na gani. Jikina yana tarar shurin bindigar tun kafin ya zo. Tasa ƙaramin harsashi take ci, ba ta shuri sosai, shi ya sa zaburar ba ta fito ba sai a tawa.

Ashe cuta biyu ce. Ya ba ni magani: toshen kunne biyu, na cusawa da na kifawa, domin rabin zaburar daga ƙara take zuwa, sannan kullum da dare in tabbatar babu harsashi a ciki, in ajiye harsasai a wani ɗaki, in saita wani ɗigo a bangon ɗakin ƙarƙashin ƙasa in ja kunama sau 20, ina kallon ko mahaɗar layukan madubi za ta motsa. Na fara daren yau.

Laraba, 28 ga Agusta

Bayan isha'i na kwance madubi. Zobba biyun da ke riƙe shi a ɗaure suke tamau, shi ya sa duk lokacin da na girgiza shi da hannu ban taɓa jin motsi ba. Amma da na cire zobban na isa ga sirdin da ke ƙarƙashinsu, wanda aka ɗaure a kan gidan sakata da noti huɗu, sai na tarar na gaba biyun da yatsa ma ana iya juya su. Na ɗaga sirdin, ƙarƙashinsa jiƙe da tsohon mai, ga wani wuri da baƙin fentin ƙarfen ya goge yana ƙyalli. Ƙarfe ba ya goge ƙarfe sai da motsi.

Lissafin abin yana da ban tsoro. Yadi 100 inci 3,600 ne. In tsakanin zoben gaba da na baya akwai inci 4, to gocewar da ba ta wuce kaurin gashin kai ba a sirdin gaba tana iya zama inci biyu ko uku a kan takarda. Hannu ba zai ji ta ba, shurin bindiga kuwa yana motsa ta a kowane harbi.

Na wanke ramukan da notin da sinadarin cire maiƙo, na ɗiga musu shuɗin gam ɗin da ke hana noti warwarewa, na ɗaure da sukundireba mai awon ƙarfi da na aro. Zobba kuma na ɗaure su da ƙarfin murɗi fam-inci 18 kamar yadda takardarsu ta ce, ba ƙari. Mutane da yawa suna murɗa zobe har sai ya lotsa jikin madubi, a zatonsu ƙarfi shi ne tsaro.

Asabar, 31 ga Agusta

Inci 3, inci 3.25, inci 2.75. An samu sauƙi, amma ba a warke ba.

Abin da ya fi lambobin amfani shi ne siffar hudar. Da can ko'ina take faɗawa kamar an watsa wa kaji tsaba. Yanzu ta jeru: na farko ƙasa, na biyu kusa da shi, na uku ya hau, na huɗu da na biyar sun ƙara hawa suna karkata dama. Zagaye uku, tsari ɗaya. Watsuwa marar tsari takan nuna abu ne ke girgiɗi. Jeri mai hawa yayin da bututu ke ɗaukar zafi yana nuna wani abu na tokare bututun.

Kafin in bi wannan, na wanke madubin daga zargi. Kowane ƙyas na maɓallinsa rubu'in inci ne a yadi 100. Na harba ɗaya, na murɗa 16 sama, na harba, 16 dama, na harba, 16 ƙasa, na harba, 16 hagu, na harba, ina barin bututu ya huce sosai tsakanin kowanne. Huda ta zana murabba'i mai kusan inci 4, na ƙarshe ya dawo gefen na farko. Madubi lafiya lau.

Lahadi, 8 ga Satumba

Makon nan ya tafi a wankin bututu. Rigar harsashi jan ƙarfe ce, kuma kowane harbi yana barin ɗan shafe a kan tsagin da ke murɗa shi. Sinadari mai amoniya ke narkar da shi, ƙyalle ya fito shuɗi. Dare uku ina turawa yana fitowa shuɗi, sai daga baya na lura kan sandar da nake tura ƙyallen da shi ma tagulla ne, shi ke ba da rabin launin. Na sauya na roba, a dare na huɗu ƙyalle ya fito fari.

Jiya na gwada. Harbi biyun farko bayan wanki sun kauce, kamar yadda aka saba, sauran suka koma jerinsu na hawa. Inci 2.75. Wankin ya zama dole, amma ba nan cutar take ba.

Asabar, 14 ga Satumba

Na naɗa takardar dala ɗaya a ƙarƙashin bututu na ja ta daga baki zuwa gindi. Ba ta yi inci biyu cikin kwarmin ƙota ba ta cije, a ɓangaren hagu. Na kwance noti biyun da ke haɗa ƙarfe da ice, na ɗaga ƙarfen, ga tabo nan baƙi mai santsi a jikin icen, tsawon ɗan yatsa, ga ɗan'uwansa a jikin bututu. Icen ya ɗan murɗe da shekaru, yana tura bututu dama da sama. Bututu ya yi zafi ya buɗe, turin ya ƙaru, harsashi ya hau. Daidai abin da takarda ke faɗa mini tun makonni biyu.

A nan ne na fahimci abin da ya faru bara, kuma na daɗe zaune a gareji ina juya shi. Duk wanda ya tashi a gidan da ke da ƙyauren katako ya san shi: da damina sai an sa kafaɗa yake rufuwa, da hunturu kuwa har haske ake hangowa ta gefensa. Ƙotar bindiga ma ice ce. Bara a farkon Satumba na daidaita saiti, lokacin da iskar Wiskonsin ke cike da laima. Daga nan bindigar ta yi wata biyu a cikin gida, na'urar ɗumama ɗaki ta kama aiki, iska ta bushe, icen ya saki ruwansa ya motsa. Ranar farauta ban sake gwada ta ba. Saitin da na dogara da shi na wata bindiga ce da ta riga ta canza. A haɗa da sirdi mai girgiɗi da zaburar hannuna, ga yadda harsashin ƙirji ya koma na ciki.

Ban ɗauki samfefa nan take ba. Wasu maƙera da gangan suke barin ɗan tudu a ƙarshen ƙota ya tokare siririn bututu daga ƙasa, kuma akwai bindigogin da suka fi harbi daidai da wannan tokarin. In ka kankare ice ba ya dawowa. Sai na yanka tsohon katin roba gida biyu, na shimfiɗa a ƙarƙashin gidan sakata gaba da baya, ƙarfen ya ɗan ɗagu, bututu ya rabu da ice gaba ɗaya. Dala ta wuce salin-alin har gindi. Na koma fili da la'asar: inci 2, inci 2.25, kuma jerin hawan ya ɓace. Yanzu na san kankarewar za ta yi amfani.

Lahadi, 22 ga Satumba

Na naɗa samfefa a jikin guntun sanda mai kaurin bututu, na bi kwarmin a hankali, in goga kaɗan, in mayar da ƙarfe, in gwada. Ban tsaya a kaurin dala ɗaya ba, sai da kati mai kauri ya wuce, saboda a daji mutum yakan dafa ƙota a kan reshe ko ya ja maratayi, icen ya lanƙwasa ya taɓa. Sannan na shafe sabon icen da man katako har sau uku. In aka bar shi tsirara zai sha laima fiye da da.

Wajen mayarwa na gano wata. Na ɗora yatsa a inda bututu ya haɗu da ƙarshen ƙota, na sassauta notin gaba, sai na ji ƙarfen ya ɗago a ƙarƙashin yatsana. Na ɗaure, ya koma. Ma'ana gidan sakata ba a zaune yake daram a kan icen ba, noti ne ke lanƙwasa shi ya zaunar da shi dole. Na duba ramin da matokarin ƙarfe ke shiga, wato harshen nan da ke miƙa wa ƙota shurin harbi. Icen wurin ya yi baƙi, ya yi laushi, farce na shiga. Shekaru ana tsiyaya mai a sakata ana jingine bindiga a tsaye, man yana gangarowa yana jiƙa icen.

Da yamma na kira Kawu a gida, shi da ya yi shekara arba'in yana farauta da bindigar toka. Na ba shi labari tun daga barewar bara. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai yaro, taku nawa ne tsakaninka da naman?" Na ce, "Kawu, kamar taku ɗari." Ya ce su a zamaninsu in ba su ga ƙiftawar idon gada ba, ba sa tayar da kunama, domin ɗuri ɗaya gare su, kuma albarushin kuɗi ne. Ya ce in gyara ƙarfena, amma in tuna ƙafa ma kayan harbi ce. Na ce, "To Kawu, Allah ya ƙara girma." Na rubuta maganar a bangon littafin nan.

Asabar da Lahadi, 28 da 29 ga Satumba

Aikin da nake tsoro ke nan: yi wa ƙarfen sabon mazauni da gam mai haɗi biyu, dangin Araldite da muka sani a gida, sai dai wannan mai kauri ne kamar kwaɓin fulawa, da garin ƙarfe a ciki. Ana zuba shi a cikin ƙota, a danna ƙarfen a kai, ya bushe da siffar ƙarfen sak. Haɗarin a bayyane yake. In aka yi sakaci, ƙarfe da ice sun zama abu ɗaya har abada.

Asabar gaba ɗaya shiri ne. Na sassaƙe ruɓaɓɓen icen da ke bayan matokari har na isa mai ƙwari, na huda ƙananan ramuka don gam ya samu wurin kamawa. Ramukan noti biyun na faɗaɗa su na saka gajerun bututun alminiyam, yadda in an ɗaure noti ƙarfe zai matse ƙarfe, ba ice ba. Na cire kunama da duk abin da ke tare da ita na ajiye gefe. Kowane rami da lungu a jikin gidan sakata na toshe shi da yumɓun wasan yara, domin duk inda gam ya shiga ya yi ƙugiya, ba fita. Matokarin na liƙa masa salatif a gaba da gefe da ƙasa, na bar bayansa kaɗai, saboda bayan ne ake so ya manne da gam, sauran ɓangarorin a bar musu 'yar sarari don a iya cirewa. Sannan man takalmi marar launi: na shafe duk ƙarfen da noti, na goge, na sake shafawa, na sake gogewa. Na naɗa salatif a bututu wuri biyu don ya zauna a tsakiyar kwarmi.

Bayan la'asar na kwaɓa gam, na shafa, na saukar da ƙarfen a hankali. Ban ɗaure noti ba, domin ɗaurin ne zai sake lanƙwasa abin da nake son miƙewa. Da robar tayar keke na naɗe shi. Gam ya bulbulo ta gefe, na bi da auduga ina kwashewa. Bayan awa biyar na je na ɗan juya kowane noti don kada ya kama. Cikin dare ma na tashi na sake juyawa.

Lahadi da la'asar, awa 24 cif, na kwance robar, na riƙe bututu, na bugi ƙasansa da tafin hannu. Shiru. Na sake. A na uku ya ce ɗas, ya fito. Alhamdu lillahi. Mazaunin ya fito sumul, har lambobin da ke ƙasan ƙarfen sun fito a jikin gam. Rami ɗaya ne na iska, ƙanƙane, a inda ba ya ɗaukar nauyi. Na mayar da komai, na sake gwajin yatsa: na sassauta noti, na ɗaure, ko motsi. Zan bar shi mako guda ya gama ƙarfi.

Asabar, 5 ga Oktoba

Huɗu cikin inci ɗaya da rubu'i, ɗaya ya fice inci biyu gefe. Zagaye na biyu haka. Na uku haka, sai dai wanda ya fice ba shi da lamba: wani lokaci na biyu, wani lokaci na biyar. Na zargi hannuna, na ba dattijo ya harba, shi ma ɗaya ya fice masa.

Raina ya ɓaci yau. Mako bakwai, kwalin harsashi shida, kuma harsashin da ya fice ɗin nan zai iya zama shi ne na farko ranar farauta.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na kai ta wurin maƙerin bindiga, tafiyar minti 40. Na ba shi littafin nan na fassara masa, ya duba takardun harbin ɗaya bayan ɗaya. Bai ce komai ba, ya juya bindigar ya kalli bakinta. Bayan harbi, hayaƙi yakan bar zane kamar tauraro a leɓen bututu, reshe ɗaya ga kowane tsagi. Nawa reshe biyu sun fi sauran tsawo da kauri. Ya ɗauki tsinken auduga na goge kunne ya zagaya cikin leɓen, zare ya maƙale a wuri ɗaya. Da gilashin ƙara girma na ga ɗan lotsawar da idona.

Bayaninsa: leɓen shi ne abu na ƙarshe da harsashi ke taɓawa. A daidai lokacin da gindin harsashi ke fita, iskar albarushi mai tsananin matsi tana biye da shi. In leɓen daidai yake, iskar ta fita ko'ina lokaci ɗaya. In gefe ɗaya ya lotsa, ta nan za ta fara kuɓucewa ta bangaji gindin harsashin. Ya ce irin wannan rauni daga abu biyu yake zuwa: tura sandar wanki ta baki maimakon ta gindi, ko jingine bindiga baki ƙasa a kan daɓen mota.

Ya ɗora bututun a injin, ya yanke leɓen sabo, mai gangaren digiri 11. Ya leƙa ciki da kyamarar bututu ya nuna mini a allo: maƙogwaron, wato farkon bututu inda harsashi ke fara shiga tsagi, ya ɗan ci wuta, amma tsagin da sauran ƙarfinsa, ya ce zai kai ni shekaru. Ya auna nauyin jan kunama, fam shida da rabi. Ya mayar da ita uku da rabi, sannan ya buga gindin bindigar a ƙasa, ya rufe sakata da ƙarfi sau da yawa, ya tabbatar ba ta tashi da kanta. Kunama ce abu ɗaya da na ƙi taɓa saitinsa da hannuna, kuma ina ba duk wanda bai koyi aikin ba shawarar ya bar wa masu shi. Kuskure a ƙota takarda yake ɓatawa, kuskure a kunama mutum yake kashewa.

Abin da ya ci mini mako guda, tsinken auduga ya nuna shi cikin minti ɗaya. Da za a sake, da shi zan fara tun ranar farko, tare da takardar dala da duba noti. Ukun ba sa cin ko harsashi ɗaya.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ficewar ta tafi. Yau ranar zaɓen harsashi ce. Bututun yana juya harsashi sau ɗaya a kowane inci 10, wanda ya isa ya daidaita duk nauyin da ake farautar barewa da shi, amma kowane bututu da abin da ya fi so. Iri huɗu, kowanne zagaye uku na harbi biyar, domin harbi uku yakan yi wa mutum daɗin baki. Matsakaici: giren 150 mai cikin dalma, inci 1.6, giren 165, inci 1.1, giren 180, inci 1.5, giren 150 na jan ƙarfe zalla, inci 1.4.

A takarda 165 ya ci. Amma na jan ƙarfen na zaɓa. Harsashi mai dalma yana farfashewa in ya shiga nama, ƙananan ɓarɓashi su bazu nesa da ramin, waɗanda ido ba ya gani, wuƙa ba ta cirewa. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun Yulin 2019. A nan ba a tilasta wa mai farautar barewa ba, amma naman nan 'ya'yana ne za su ci shi a miya da dambu har bazara. Bambancin inci 0.3 a yadi 100 ba barewar da za ta san da shi. Na sayi kwali uku masu lambar ɗuri ɗaya, wato waɗanda aka ƙera tare.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Mako uku ban rubuta ba, amma ban zauna ba. Na bar benci. Barewa ba ta ba da harbi biyar, ɗaya take bayarwa, daga bututu mai sanyi. Don haka sau shida na je fili da sassafe kafin aiki, da takarda guda ɗaya da nake ajiyewa, in harba ɗaya tak in naɗe in tafi. Bindigar takan kwana a akwatinta a kulle cikin gareji don ta yi sanyin waje. Rana mafi ɗumi digiri 14, mafi sanyi 2 ƙasa da sifili, ɗaya kuma ana yayyafi. Huda shida, inci 1.75, tsakiyarsu a kan ɗigo. Wannan takarda ta fi duk sauran daraja a wurina.

Sauran harsasan na kashe su a kan farantin takarda mai inci 9, sanye da rigar sanyi da riga mai ruwan lemo da doka ta wajabta, domin kaurin tufafi yana canza yadda ƙota ke zama a kafaɗa. A zaune da sandunan dafawa: yadi 100, goma cikin goma, yadi 150, goma cikin goma, yadi 200, bakwai. A tsaye ba dafawa: yadi 50, tara, yadi 100, shida. Iyakata ta fito da kanta. Da madafa, yadi 150. Ba madafa, yadi 50, shi ma sai in babu yadda zan zauna. Dattijo ya sake cusa mini na bogi sau biyu, bakin bindiga bai motsa ba.

Ba zan wanke bututun ba sai bayan farauta. Zan liƙa ɗan salatif a baki saboda dusar ƙanƙara; na gwada, bai canza komai ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ranar buɗewa. Namiji mai ƙaho ya fito gefen gona wajen ƙarfe takwas, na'urar awon nisa ta ce yadi 210. Ya tsaya ya fi minti ɗaya. Na kalle shi ta madubi, ban zare makullin kunama ba. Na gwada zagayawa ta cikin kwari in rage nisa, iska ta juya, ya ɗaga wutsiya ya tafi.

Talata, 26 ga Nuwamba

Jiya na lura da wata hanya da suke bi tsakanin fadama da itatuwan oak, yau tun kafin asuba na zauna kusa da ita, iska a fuskata, na yi salla a wurin. Bakwai da rabi mace babba ta fito ita kaɗai, yadi 60. Na jira ta wuce wani kututture ta ba ni haƙarƙari, na dafa sanduna, na yi bisimilla. Ta ruga taku kamar ashirin ta faɗi a inda nake ganinta. Na isa da wuƙa a hannu, na tarar rai ya riga ya fita. Harsashin ya shiga bayan kafaɗa, inci ɗaya daga inda na saita, ya ratsa huhu biyu ya fita.

Na yi mata rajista ta waya, na kai kan wurin gwajin cutar ƙwaƙwalwar barewa da aka fara ganowa a jihar nan a 2002. Naman zai jira a firiza sai sakamako ya fito. Na aika wa Kawu hoto, ya turo saƙon murya yana tambayar taku nawa. Na ce sittin da 'yan kai.

Bututu na wanke shi daren nan, ta gindi, na jingine bindigar baki ƙasa a kan tsumma don mai ya tsiyaye waje. Saura gwaji ɗaya: takardar harbi shidan nan tana cikin akwati, zan fito da ita a watan Yuli, lokacin da laima ta fi yawa, in ƙara mata huda ta bakwai in ga ko icen ya sake motsi.